Ɗan'uwa a Baki, Ɗan'uwa a Takarda: Amsa ga Mai Son Ɗauko Danginsa Zuwa Amurka

Wasiƙar wannan makon ta fito ne daga unguwar Bronx ta birnin Niyok, daga wani direban tasi da ya roƙi a sakaya sunansa. Na ɗan taƙaita ta:

"Malam, bayan gaisuwa da fatan alheri. Shekarata 14 a ƙasar nan, bara Allah ya nufa na zama ɗan ƙasa. Tun ranar da na tura hoton fasfona gida wayata ba ta huta ba. Mutum biyar nake son ɗaukowa. Akwai Hajiyarmu. Akwai amaryata, an ɗaura mana aure a Zariya wata takwas da suka wuce ina nan, baffana ne ya karɓa min. Akwai 'yata ta wajen matata ta farko da muka rabu, shekararta 20, har manema sun fara turo manya. Sai ƙanena da muke uba ɗaya, da kuma ɗan marigayi yayana mai shekara 17, wanda tun rasuwar mahaifinsa ni ke ci da shi da karatunsa. Wani a nan ya ce in ba shi dala 5,000 ya haɗa su duka a takarda ɗaya. Ta ina zan fara?"

Malam, ina taya ka murna, Allah ya sanya alheri. Ka fara da mayar da dala 5,000 ɗinka aljihu. Babu takarda guda da ke kwashe mutum biyar irin waɗannan. Kowa da fom ɗinsa, kowa da layinsa, kuma a cikinsu akwai wanda doka ba ta buɗe wa ƙofa ba sam. Mai cewa zai haɗa maka su, ko dai bai san aikin ba, ko kuma ƙarya zai shirga da sunanka, kai ne kuma za ka sa hannu a ƙasa.

Na daɗe ina tafinta tsakanin mutanenmu da lauyoyin shige-da-fice, kuma ban ga kalmar da ke wahalar da ni kamar "ɗan'uwa" ba. Lauya za ta tambayi mutum, wane ne wannan a wurinka? Ya ce ɗan'uwana ne. In na juya mata maganar yadda ta fito, sai ta ɗauka ciki ɗaya suka fito. Sai an yi nisa da cike-cike a gano ashe ɗan baffa ne, ko ma ɗan maƙwabcin da aka tashi tsakar gida ɗaya. Mutumin bai yi ƙarya ba, a Hausa ɗan'uwansa ne. Sai dai dokar Amurka ba ta jin Hausa. Dangin da ta sani ƙidayayyu ne: miji ko mata, 'ya'ya, iyaye, sai waɗanda kuka haɗa uwa ko uba. Kaka da kawu da gwaggo, ɗan wa da ɗan ƙane, suruki da taubashi, duk ba su cikin lissafi, ko da a kwano ɗaya kuka ci kuka girma.

Su ma ƙidayayyun an raba su gida biyu. Tsarin ya samo asali ne daga dokar da Shugaba Lyndon Johnson ya sa wa hannu a 1965, aka sake fasalinta a 1990. Gida na farko ba shi da iyakar adadi: matar ɗan ƙasa ko mijinta, 'ya'yansa marasa aure da ba su kai 21 ba, da iyayensa in shi kansa ya cika 21. Waɗannan ba sa jiran wani ya gama kafin a kira su, aikin takarda kawai suke jira. Gida na biyu kuwa layi ne, kuma an ƙayyade masa biza kusan 226,000 a shekara ga duniya baki ɗaya. A cikin mutanenka, Hajiya da amarya da 'yarka suna gida na farko, ƙanenka yana na biyu, yaron kuwa ba ya ko ɗaya.

Da 'yarka za ka fara, duk da ita ka sa a ta uku, domin ita kaɗai ce lokaci ke ƙure wa. Fom ɗin da ake cike wa kowane dangi sunansa I-130, hukumar shige-da-fice ta USCIS ake tura wa. Akwai dokar da aka yi a 2002 don kare yaran da shekaru ke cim musu suna cikin jira. A ƙarƙashinta, ɗan ƙasa in ya shigar da fom ɗin ɗansa kafin yaron ya cika 21, shekarun yaron sun tsaya cik a idon doka a ranar da hukuma ta karɓi fom ɗin. Ko ta kai 23 kafin a kira ta ganawa, a takarda tana nan 'yar 20. In kuwa ka bari ranar haihuwarta ta wuce ko da kwana ɗaya ne, ta faɗa rukunin da ake kira F1, na balagaggun 'ya'ya marasa aure, mai biza 23,400 kacal a shekara, inda jira ke dosar shekara goma. Bambancin kwana ɗaya ke nan.

Sai maganar manema, kuma a nan nake so ka natsu. Tsayar da shekarun nan yana aiki ne muddin ba ta yi aure ba har ranar da ta sauka Amurka aka buga mata hatimi. Da zarar an shafa fatiha ta koma rukunin F3, na 'ya'ya masu aure, wanda jiransa ya haura shekara goma. (Kai ma ka ci sa'a ka zama ɗan ƙasa. Mai katin zama na dindindin, wato girin kad, ba shi da hurumin ɗauko ɗa mai aure ko kaɗan. In 'yarsa ta yi aure tana cikin layi, takardar ta mutu murus.) In ta shigo ba aure, ta karɓi katinta, tana iya komawa a ɗaura, sannan ita da kanta ta nema wa mijinta. Ba ni da bakin ce maka a ɗage aure, balle a wannan lokaci da jira ke iya tsawo saboda dalilin da zan zo kansa. Ka zaunar da ita da mahaifiyarta ka faɗa musu yadda abin yake, ta zaɓa ido buɗe. Abin da nake roƙonka kada ka yi shi ne dabarar da wasu ke yi, a ɗaura aure a ɓoye a ce ai ba a rubuta ko'ina ba. Auren da aka ɗaura a masallaci gaban shaidu aure ne a dokar Najeriya, don haka aure ne a idon Amurka. Na taɓa zama da wata baiwar Allah da ta shigo a matsayin budurwa, bayan shekara shida ta je neman zama 'yar ƙasa, jami'i ya ɗora takardar haihuwar ɗanta na fari kusa da ranar aurenta da ta rubuta, lissafi ya ƙi fita, tambaya ta ja tambaya har gaskiya ta fito. Ta je neman ƙari, katin da ke hannunta ma ya shiga haɗari.

Kafin ka cike komai, ɗauko kwafin duk fom ɗin da ka taɓa cikewa tun neman bizarka ta farko. Ka rubuta sunan yarinyar nan a ciki? Ka ambaci aurenka na farko? Yawancin mutanenmu wani ne ya cike musu a shagon intanet, ya rubuta "ba aure, ba ɗa" don a ganinsa hakan ya fi sauƙi. Hukuma ba ta zubar da fayil. In akwai irin wannan giɓi a naka, kada ka tura komai sai lauya ya duba, amma ka gan shi cikin makon nan saboda ranar haihuwar yarinyar.

Yanzu amarya. Ɗaurin aurenmu na Hausa, ango ba dole ya halarta ba, amarya kuwa tana can cikin gida, waliyyi da wakili ne ke magana. A wurinmu wannan cikakken aure ne. Dokar shige-da-ficen Amurka tana da wani sharaɗi a kai: auren da aka ɗaura ma'auratan ba sa wuri ɗaya, ba ta lissafa shi sai an nuna sun sadu a matsayin miji da mata bayan ɗaurin. Saduwar da aka yi kafin ɗauri ba ta shiga. Ka ce wata takwas ke nan, ba ka ce ka je gida ba. In ba ka je ba, sayi tikiti tukuna kafin ka sayi fom. Je ka a yi tarewa, ka adana tikitin jirgi da hatimin shiga da fita a fasfo, da hotunanku tare da dangi, ba na situdiyo kaɗai ba. Ka ajiye rasit ɗin kuɗin da kake tura mata da hirarrakinku na WhatsApp. Na san da nauyi a ce mutum ya baje hirarsa da matarsa gaban baƙo. Jami'in da zai yi mata tambayoyi bai san ku ba, bai san baffanka ba, abin da ke gabansa kawai zai duba ya yanke ko auren na gaske ne.

Takardar da ta fi ba mutanenmu ciwon kai a nan ita ce ta rabuwar aure na farko. Saki a wurinmu yakan zama kalma, ko layi biyu a fallen takardar makaranta da aka ba yaro ya kai. Wannan ba zai wadatar ba. Sai an je kotun da ke da hurumi, ta tabbatar da sakin da ranar da aka yi shi, ta ba da takarda mai hatimi, kuma ranar ta riga ranar sabon ɗauri. Dalili shi ne Amurka mace ɗaya take lissafawa. Mai mata biyu, ta farko ce matarsa a idon doka muddin aurensu yana nan, kuma wanda aka gane zai shigo ya ci gaba da zama da mata fiye da ɗaya ba a ba shi biza. 'Ya'yan ta biyun 'ya'yansa ne, yana iya nema musu in ya tabbatar da haihuwa, amma uwarsu ba za ta shigo a matsayin mata ba. Sakin bogi da ake yi a takarda don a shigo da ta biyu, da auren kwangila da ake biya, duk laifi ɗaya ne: hukuncin auren bogi ya kai ɗaurin shekara 5 da tarar dala 250,000, kuma wanda aka kama da shi ba a ƙara amincewa da wata takardar dangi da aka shigar dominsa.

In amarya ta sauka aurenku bai cika shekara biyu ba, katin wucin-gadi na shekara biyu za a ba ta. A cikin kwana 90 na ƙarshe kafin ya ƙare, ku biyu za ku cike fom I-751 a cire sharaɗin. Mutane suna mantawa da wannan, sai katin ya mutu a jaka. Ga 'yan'uwa mata da ke karanta wannan shafi kuma, kalma ɗaya: in miji ya mayar da takarda bulala, yana dukanki ko yana gallaza miki yana cewa zai sa a kore ki, tun 1994 akwai dokar da ta ba ki damar nema wa kanki ba tare da saninsa ba.

Ta Hajiya ita ce mafi sauƙi a doka, ita ce kuma na fi so ka yi tunani a kanta. Abin da ake buƙata takardar haihuwarka ce mai ɗauke da sunanta. A nan laƙabi ke kawo cikas. Takardar haihuwar ɗa ta ce sunan uwa Kulu, fasfonta na aikin Hajji ya ce Hauwa'u. Kowane Bahaushe ya san mutum ɗaya ce, jami'i kuwa mata biyu yake gani. Haka Mamman da Muhammadu, haka wanda a makaranta aka sa masa sunan garinsu a matsayin sunan uba, haka ranar haihuwar 1 ga Janairu da aka yi wa rabin tsofaffinmu. Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun yanzu a baje takardun kowa a tabarma ɗaya, a duba harafi da harafi, abin da ya saɓa a gyara shi ta hanyar hukuma, takardar haihuwa daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, rantsuwar kotu inda ta kama. In takardu suka gaza gamsar da jami'i, yakan ba da shawarar gwajin jini na DNA. Shi ma ba a zuwa da nasa daga gida, ta ɗakin gwajin da aka amince da shi a Amurka ake bi, ofishin jakadanci ne kuma ke kula da ɗaukar samfurin.

Tambayar da ba ta cikin fom ita ce, Hajiya tana son zama a nan kuwa? Katin nan na mazauni ne. Wanda ya karɓe shi ya koma gida ya shekara bai dawo ba, ana ɗauka ya yar da shi, sai in ya nemi takardar izinin dawowa tun kafin ya fita, ita ma ba ta wuce shekara biyu. Na ga tsofaffi da yawa a ɗakunan bene na Bronx, ɗa ya fita tasi tun asuba, suruka tana wurin aiki, waje sanyi kamar ya tsaga ƙashi, ba maƙwabciyar da za ta yi sallama ta shigo, ba suna ba biki ba gaisuwar mutuwa. Tsohuwa tana zaune bakin taga da carbi da waya, tana lissafin ƙarfe nawa ne yanzu a gida. Wasu sun saba, har sun fi 'ya'yan sanin unguwa. Wasu wata huɗu suka yi suka ce a mayar da su ko a ga ɓacin ransu. Ga kuma asibiti: sabon mai kati ba ya samun yawancin tallafin gwamnatin tarayya sai ya shekara biyar, kuɗin magani kuwa a ƙasar nan ka fi ni sani. Sannan in tana da autan da bai kai 21 ba, ba zai biyo ta a takardarta ba, domin a gidan farko ba a goyo, kowa da fom ɗinsa. Sai ta sauka ta karɓi kati, ita ta nema masa. Ka tambaye ta tsakaninka da ita, ba a gaban jama'a ba.

Ƙanenka ya shiga, haɗa uba ya isa. Za a nemi takardun haihuwarku biyu masu nuna uba ɗaya, da shaidar auren mahaifinku da kowace daga iyayenku mata. Rukuninsa F4, biza 65,000 a shekara ga 'yan'uwan duk 'yan ƙasar Amurka a faɗin duniya, kuma matansu da 'ya'yansu daga cikin adadin nan ake cire musu. Ranar da hukuma ta karɓi fom ɗinsa ita ce lambarsa a layi. Kowane wata Ma'aikatar Harkokin Waje tana fitar da jadawalin da ke nuna inda layi ya kai. A 2025, a wannan rukuni, waɗanda aka shigar da takardunsu a 2007 da farkon 2008 ake kira. Lissafa da kanka. Mutanen Meksiko ma nasu ya haura shekara 20, saboda akwai ƙa'idar kada ƙasa ɗaya ta wuce kashi 7 cikin ɗari. Ba lauyan da ke iya tsallakar da mutum wannan layi, ba kuɗin da ke gajarta shi.

Duk da haka ka shigar masa. Shekarun za su wuce ko ka shigar ko ba ka shigar ba. Amma ka gaya masa gaskiya da bakinka: wannan shuka ce ta kuka, ba ta alayyafo ba. Ya yi karatunsa, ya kama sana'a, ya yi aure. A rukuninsa aure ba ya ɓata komai, in lokaci ya yi matarsa da 'ya'yansa marasa aure da ba su kai 21 ba za su biyo shi. Na san samarin da aka tura wa hoton takardar amincewa, suka ɗauka biza ce, suka ajiye aiki suka zauna jiran jirgi har furfura ta fara leƙowa. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Takardar amincewa cewa kawai take yi hukuma ta yarda ɗan'uwanka ne. Kai kuma duk sanda ka sauya gida ko adireshin imel ka sanar, domin in layi ya iso aka aiko sanarwa aka shekara ba amsa, ana iya rufe fayil ɗin.

Yaron yayanka shi ne mai zafin faɗa. Riƙo a wurinmu ya wuce takarda, wanda ka ci da shi ka tufatar da shi ɗanka ne, ba mai musu. Doka kuwa ɗan riƙo ɗaya ta sani: wanda kotu ta mallaka wa mutum kafin ya cika 16, kuma suka zauna tare shekara biyu yana hannunsa bisa doka. Yaron ya kai 17, ba hukuncin kotu, kai kuma shekara 14 kana wata nahiya. Ƙofar nan a rufe take. Na san abin da mai dala 5,000 zai ce: a rubuta ɗanka ne, ai sunan kakanku ɗaya. To ka tuna ka riga ka lissafa 'ya'yanka da rantsuwa ranar da ka nemi zama ɗan ƙasa, ga kuma gwajin jini da ke bambance ɗa da ɗan wa. In aka kama, yaron ya samu tabon ƙarya da ke hana biza har ƙarshen rayuwa, sannan a dawo a bi takardun Hajiya da amarya da 'yarka da idon zargi. Kuɗin da za ka ba wancan mutumin, zuba shi a karatun yaron. Mai digiri mai kyau da fayil mai tsabta yana da hanyoyin da zai nema da ƙafarsa nan gaba, a Amurka ko a wata ƙasa.

Saura kuɗi. Tun 1 ga Afrilun 2024 kuɗin I-130 dala 625 ne ta intanet, 675 a takarda. Fom huɗu ta intanet dala 2,500 ke nan, rabin abin da aka nema a wurinka. Ka duba shafin hukumar ranar da za ka biya, don fom ɗin da kuɗinsa bai cika ba dawo da shi ake yi. In an amince, fayil yana wucewa cibiyar biza ta ƙasa da ke Portsmouth a jihar New Hampshire, a biya kuɗin biza, a cike DS-260, a ɗora takardu har da shaidar 'yan sanda, sannan a jira ranar ganawa. 'Yan Najeriya a Legas ake yi musu ganawar bizar zama, bayan gwajin lafiya wurin likitan da ofishin ya amince da shi.

Babban nauyin yana cikin fom I-864, rantsuwar ɗaukar nauyi. Dole ka nuna abin da kake samu a shekara ya kai kashi 125 cikin ɗari na ma'aunin talauci na gwamnati, gwargwadon yawan mutanen gidanka. Kai da amarya da 'yarka da Hajiya huɗu ke nan, a ma'aunin 2025 ɗan sama da dala 40,000. Ba abin da ke shiga aljihunka ake dubawa ba, abin da ka rubuta a takardar haraji ake dubawa. A nan direbobinmu ke faɗawa ramin da suka haƙa. Mutum yana samun abin da ya isa, amma kowace shekara mai cike masa haraji yana zaftare lissafi da kuɗin mai da gyaran mota har abin da ya rage ya koma dala 15,000, yana murna bai biya komai ba. Ranar ɗauko iyali takardar nan ce za ta tsaya ta ba da shaida a kansa. In naka bai kai ba, doka ta yarda wani ɗan ƙasa ko mai kati ya tsaya maka. Sai dai ka gaya masa abin da yake sa wa hannu. Alƙawari ne da kotu ke iya tilastawa, yana nan har sai wanda aka ɗauko ya zama ɗan ƙasa, ko ya yi aikin da ya kai kimanin shekara goma ana cire masa haraji, ko ya bar ƙasar ya sallama katinsa, ko mutuwa ta raba. Saki ba ya warware shi. Mutum yana iya rabuwa da mace, alƙali ya ce ya ci gaba da cike mata abin da ya rage.

Na ce zan zo kan abin da ke iya tsawaita jira. A ranar 31 ga Janairun 2020 Shugaba Trump ya sa hannu a umarnin da ya dakatar da ba 'yan Najeriya bizar zama. Shugaba Biden ya soke shi ranar da ya hau mulki, 20 ga Janairun 2021. A Yunin 2025 wani umarnin ya rufe ƙofa ga ƙasashe 12, ciki har da Chadi da Sudan, a Disamban shekarar kuma aka faɗaɗa shi, Nijar ta shiga jerin waɗanda aka rufe wa gaba ɗaya, Najeriya aka dakatar mata da bizar zama da ta ziyara da ta karatu. Wasu da suka ji haka sun nannaɗe takardunsu sun ce sai ƙura ta lafa. A ganina kuskure ne. Irin wannan umarni yana tsayar da buga biza, amma ba ya goge ranar da ka shiga layi, ba ya kuma tsayar da ranar haihuwar 'yarka. Waɗanda suka shigar a 2020 ana cikin rufewa, su ne a gaba ranar da aka buɗe. Abin da za a kiyaye shi ne kashe kuɗin da ba ya dawowa: kada a sayar da gida ko gona, kada a bar aiki, kada a sayi tikiti, sai fasfo ya dawo hannu da biza a ciki. Kafin kowane mataki a duba shafin Ma'aikatar Harkokin Waje a ga halin da ake ciki a ranar. Kada kuma gajiyar jira ta sa wani ya nemi bizar ziyara ta wata hanya da niyyar zama, yana cewa zai dawo. Ita ma ƙarya ce a gaban jami'i, tabonta ɗaya da wancan.

Mutum biyu kaɗai doka ta yarda su ba ka shawara a wannan harka: lauya mai lasisi, ko wakilin ƙungiyar da Ma'aikatar Shari'a ta amince da shi. A Niyok akwai ƙungiyoyin da ke yin wannan aiki kyauta ko da kuɗi kaɗan. Duk wanda ya cike maka fom, ya rubuta sunansa a gurbin mai cikewa, ya karanta maka abin da ya rubuta layi-layi, ya ba ka kwafi. In ya ƙi ɗaya daga cikin ukun, tashi ka ba shi wuri.

Saboda haka, Malam, cikin makon nan ka duba ranar haihuwar 'yarka, ka kai tsofaffin takardunka wurin lauya, a shigar da nata. Na ƙanenka ya biyo baya. Ka nemi hutu ka je Zariya, ka tare da amaryarka, ka karɓo takardar kotu, ka zauna da Hajiya ka ji ta bakinta. Yaron yayanka kuma kada ka bari ya ji labarin a bakin wani. Ka kira shi gefe ka gaya masa da kanka.